Girman Sensar Kyamara

Sensa wani ɗan faranti ne a cikin kyamarar zamani, wanda haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Masu ɗaukar hoto don sha'awa sukan duba girmanta idan suna gwada ingancin kyamarori, domin yawan megafiksel kaɗai ba ya nuna kyawun hoto.

Babbar sensa, wadda ake kira cikakken firam, tana da faɗin milimita 36 da tsayin milimita 24. Tana tara haske da yawa, shi ya sa hotonta yake fita tas da asuba ko magariba, lokacin da namun daji suka fi fitowa. Sai dai tana da tsada, gilasanta kuma ga nauyi.

Masu bin tsuntsaye da dama sun fi son ƙarama. A tsarin Micro Four Thirds, wanda kamfanonin Olympus da Panasonic suka fitar a shekarar 2008, gilashin milimita 300 yana kama abin da sai na milimita 600 zai kama a cikakken firam. Don haka tsuntsun da ke can kan reshe yakan cika hoton ba tare da an matso an kore shi ba.