Ruɓaɓɓen Itace Ma Taki Ne

Duk mai noma a cikinmu, har da mai ɗan lambu a bayan gida, ya san halin da ake ciki game da takin zamani. A shekarar 2022 buhu mai kilo 50 ya tashi daga sefa 12,500 zuwa 18,000, wai ma da tallafin gwamnati ke nan. Alhali kuwa a gonakin Kparatao, dab da Sokodé, ga kututturan ɗorawa da mangwaro nan kwance suna ruɓewa, in lokacin sharar gona ya zo sai mu cinna musu wuta.

Sai dai ba kowane itace ake so ba. A nemi wanda ya yi duhu, ya yi laushi, da an matsa shi ya marmashe a hannu. Irin wannan yana riƙe ruwa kamar soso, yana sassauta ƙasa saiwa ta sami hanya. Abincin shuka kam kaɗan ne a cikinsa, don haka dole a gama shi da kashin shanu ko na kaji. A haƙa rami a inuwa, a riƙa shimfiɗa marmashin itacen, ɗanyar ciyawa, kashin dabbobi da ɗan toka, a yayyafa ruwa, a juya bayan kowane mako biyu. Cikin wata uku ko huɗu ya nuna. Masu renon tumatir da barkono za su iya cuɗa shi da ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya.

Inda ake yawan yin ɓarna shi ne wajen garin katako. Mutum ya kwaso shi ɗanye daga wurin kafinta ya binne a gona, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi su janye sinadarin naitirojin daga ƙasa, masara ta yi ɗorawa, sannan a ɗora wa iri laifi. Katako mai fenti da tsohuwar falwayar lantarki kuwa, a nisance su, akwai guba.

Ga 'yan'uwanmu na Dapaong maganar ta sha bamban. Damina gajera ce, itace kuma murhu ke cinye shi tun bai ruɓe ba, wa zai ce wa uwargida ta bar makamashi a daji? Can sai a tattara ɓawo da guntayen karan dawa. Manoman Yatenga a Burkina Faso sukan zuba taki da tarkace cikin ƙananan ramuka tun da rani, gara ta zo ci, ta huda ƙasa, ruwan fari ya bi hanyoyinta ya nutse.