Sacin Tendulkar, gwanin kurket

Ka san wasan kurket? Wani ya jeho ƙwallo, wani ya make ta da sanda mai faɗi, ya ruga. A Indiya ba wasan da ya kai shi farin jini.

Sacin Tendulkar ya fara buga ma Indiya a 1989, yana da shekara 16. A Pakistan ƙwallo ta fasa mashi hanci, amma ya ƙi barin fili.

Sau biyu aka naɗa shi shugaban ƴan wasa, abin bai yi kyau ba. A 2000 ya aje shugabancin, ya ci gaba da bugu ƙarƙashin wasu. Da shi Indiya ta ci kofin duniya a 2011. Ya bar wasa a 2013.

Ka gani, iya aiki daban, iya shugabanci daban.