Gadon Efua: Yadda Wurin Wasan Yara Ya Shiga Kasuwar Nima

Mai karatu, a ce mahaifiyarku ta rasu ta bar muku fili kimanin eka biyu a Dzorwulu, ɗaya daga cikin unguwannin Accra da ake yi wa fili kuɗi da dalar Amurka. Ku uku ne, ɗayanku ma mai zanen gine-gine ne, ya san hawa nawa filin zai ɗauka, ya san hayar da za ta riƙa shigowa duk ƙarshen wata. Me za ka ce ranar da aka zauna shawara? A sayar a raba? Ko a tayar da bene a zuba 'yan haya? 'Ya'yan Efua Sutherland ba su yi ko ɗaya ba. Sun bar bishiyoyin a tsaye, suka buɗe ƙofa ga 'ya'yan mutane su shigo su yi wasa. Kafin ka ce ba su san darajar kuɗi ba, tsaya ka ji wace ce uwar tasu.

An haifi Efua a Cape Coast ranar 27 ga Yuni, 1924. Malamar makaranta ce tun asali. Ta je Ingila ta yi karatu a kwalejin Homerton da ke Kambirij, ta dawo gida a 1951, ta auri wani baƙar fatar Amurka mai suna Bill Sutherland a 1954. Duniya ta fi saninta da rubutun wasan kwaikwayo, musamman wanda ta gina a kan Ananse, Gizon mutanen Akan. To amma a farkon shekarun 1960 ta fitar da wani ɗan littafi mai suna Playtime in Africa tare da mai ɗaukar hoto Willis Bell. Babu sarki a ciki, babu ɗan siyasa. Hotunan yaran Ghana ne kawai suna wasa da abin da hannunsu ya ƙera. A lokacin da kowa ke maganar madatsar ruwan Akosombo da masana'antu, me ya kai babbar marubuciya bin yara masu wasa a ƙasa?

Ita dai ta yi imani cewa yaron da bai sami wurin wasa ba an tauye masa wani abu da makaranta ba za ta biya shi ba. Kuma ba a baki ta tsaya ba. Daga 1983 zuwa 1990 ita ce shugabar hukumar kula da yara ta ƙasa. A zamaninta ne, cikin watan Fabrairun 1990, Ghana ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, wadda sashenta na 31 ya ce hutu da wasa haƙƙin yaro ne. Ta kuma fito da tsarin haɗa lambun wasa da ɗakin karatu a wuri guda, ta yadda yaro zai gaji da guje-guje ya shiga inuwa ya ɗauki littafi. Babban lambun yara na tsakiyar Accra, mai faɗin kusan eka 15, da wannan tunani aka raya shi, daga baya aka sa masa sunanta. Sai dai wannan shekara ta 1990 ba alheri kaɗai ta zo mata da shi ba.

Efua tana da gidan wasan kwaikwayo da ta gina a tsakiyar birnin tun zamanin Kwame Nkrumah, ana kiransa Ghana Drama Studio. An yi shi da siffar tsakar gidan gargajiya, 'yan kallo na zagaye da masu wasa. Nan ta horar da matasa shekara da shekaru. A 1990 aka rushe shi don a gina babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da taimakon ƙasar Sin, wanda aka kammala a 1992. An dai sake gina irinsa a jami'ar Legon. Amma ka sa kanka a matsayinta: kana da shekara 66, katafila ta shiga aikin da ka yi kusan shekara talatin kana reno. Za ka sake ɗaga yatsa don amfanin jama'a? Ko za ka koma gida ka ja ƙofarka?

Ba ta ja ƙofa ba. A 'yan shekarun da suka rage mata ta shimfiɗa tunanin wata gidauniya ta yara. Ta rasu a watan Janairun 1996, a shekarar 1997 kuma gidauniyar Mmofra ta fara aiki a hannun 'ya'yanta: Esi Sutherland-Addy, malama a jami'ar Legon, da Ralph mai zanen gine-gine, da Amowi Sutherland Phillips. Mmofra a harshen Akan na nufin yara. Ƙungiya ce da ba ta neman riba, kuma ta fara ne da abin da ba ya cin kuɗi da yawa, wato tara yara a filin Dzorwulu ana karatu, ana tatsuniya, ana zane. A daidai lokacin, can tsakiyar birni, wani abu na faruwa da lambun da ke ɗauke da sunan mahaifiyarsu.

Lambun yana kallon gidan wasan kwaikwayon da aka gina a kan kufan na Efua, titi ne kawai ya raba su. Waɗanda suka yi ƙuruciya a Accra a shekarun baya suna tuna ɗan jirgin ƙasan da ke zagayawa da yara a ciki, da lilo, da cunkoson ranar biki. Sannu a hankali jirgin ya tsaya, ƙarafa suka yi tsatsa, ciyawa ta rufe hanya. Jaridun Ghana sun buga hotunan wurin ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Lokaci zuwa lokaci a ba da shi haya don taro ko baje koli, a watse a bar shi. Lokaci zuwa lokaci kuma jita-jita ta tashi cewa masu gine-gine sun sa masa ido, jama'a su yi ca. Wannan abu yana ba ni takaici ƙwarai. Ƙasar da ta riga kowa amincewa da yarjejeniyar haƙƙin yara, ita ce ta kasa shafa wa lilo fenti. Kai da sunan mahaifiyarka ne a ƙofar irin wannan wuri, me za ka yi? Ka rubuta wa minista takarda ka jira?

'Ya'yan Efua sun yi magana, sun kuma ci gaba da yi. Amma ba su zauna jiran amsa ba. A 2012 suka ɗauko sunan littafin nan nata, Playtime in Africa, suka sa wa wani sabon shiri. Suka tara masu zanen gine-gine, injiniyoyi, malamai, masu fasaha, har da matasa, aka zauna a cikin filin Dzorwulu aka yi ta tunanin yadda lambun yara ya kamata ya kasance a birnin Afirka. Ba su yi odar lilon roba daga Turai ba, wanda idan ya karye sai an jira jirgin ruwa. Da katako da kututturen itace da sauran kayan gida aka yi aikin, irin wanda kafinta na bakin titi zai iya gyarawa. Aka bar inuwa, aka yi shuke-shuke don yaro ya ga yadda abinci ke fitowa daga ƙasa. Wurin shi ne ake kira Mmofra Place. Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce madalla mu tashi. To amma yaron Nima fa, wa zai kai shi?

A taswira unguwannin Nima da Maamobi ba su da nisa da Dzorwulu. A rayuwa kuwa akwai tazara. Nima ta samo asali ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Futa ya karɓi filin daga hannun wani gidan mutanen Ga na Osu, ana kiwon shanu a wurin. Baƙi suka yi ta sauka, kamar yadda aka saba a kowane zango: Hausawa, Fulani, Zabarmawa, Mosawa, Kotokoli, Dagomba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tsofaffin sojoji suka ƙaru a kai. Shekaru da dama unguwar tana wajen iyakar hukumar birni, saboda haka babu wanda ya zo da igiyar awo ya ce nan titi, nan makaranta, nan filin yara. Kowa ya sami sarari ya kafa ɗaki, ɗan'uwa ya zo daga arewa aka ƙara wani a jikinsa. Yau akwai lungunan da mutum biyu ba sa wucewa kafaɗa da kafaɗa, ga kuma babbar kwatar nan da ta ratsa tsakanin unguwannin biyu. A ina za ka dasa lambu a nan?

Kada ka ce yaran ba sa wasa. Suna yi, a lungu, a bakin titi, a filin Kawukudi idan manya sun ba su wuri. Mohammed Kudus, wanda ya zura wa Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta Ƙatar a 2022, a Nima ya tashi, a ƙungiyar Strong Tower ya fara, a kan jar ƙasa. Amma filin ƙwallo na samari ne masu ƙarfin ture juna. Ɗan shekara uku fa? Yarinya 'yar shekara biyar fa? Ka tashi da sassafe ka nemi inda suke wuni, za ka same su a wurin da bai taɓa zuwa maka a rai a matsayin gidan reno ba.

Suna kasuwa. Kasuwar Nima, wadda ake kira Kasuwan Mamudu, ranar Laraba take cika ta batse: buhunan gero da dawa da wake daga arewa, albasa, kayan yaji, masu tura kura suna neman hanya, 'yan kayaye, wato mata masu dako, da manyan kwanoni a ka, wasunsu da goyo a baya. Mafi yawan masu sayarwa mata ne, kuma wadda ba ta da kuɗin makarantar reno ko mai riƙe mata yaro, dole ta zo da shi. Yaron zai wuni daga safe zuwa magariba a ƙarƙashin tebur, tsakanin buhu da buhu. Idan ya motsa a daka masa tsawa, don ga mota, ga wuta, ga kwata. Uwar ba mugunta take yi ba, tsoro ne. Ido ɗaya a kan ciniki, ɗaya a kan ɗa. Kai da kai ne ita, za ka sake shi?

A nan ne mutanen Mmofra suka yi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Sun daina neman fili. Tare da wata ƙungiyar Kanada mai suna HealthBridge da hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UN-Habitat, suka shiga kasuwar Nima da ta Malata, wato kasuwar Malam Atta da ke wajen Accra New Town, suna neman 'yan guraben da ba kowa ke lura da su ba: jikin bango, wata kusurwa, ɗan sarari tsakanin rumfuna. Nan suka mayar wuraren wasa ƙanana, da abin rubutu da zane a daidai tsayin yaro, da wasanni masu launi, duk da kayan da ake samu a gida da hannun masu sana'ar gida. Yaro na wasa, uwa na hango shi daga inda take auna wake.

Kana jin abin kamar mai sauƙi, ko? To ka je kasuwa ka nemi taku biyu na wuri ka gani. A kasuwa kowane taku kuɗi ne. Inda ka ga babu kowa, wata ce ke ajiye buhu a wurin ranar Laraba. Kuma kasuwannin Ghana suna da shugabanninsu mata, sarauniyoyin kasuwa, waɗanda ko hukuma ba ta tsallake su ta zauna lafiya. Da masu aikin sun zo da takardar izini daga ofis suka hau buga ƙusa, da kafin mako ya zagayo an jingine buhunan albasa a kan allon. Sai da aka zauna da shugabannin da masu rumfuna, aka ji inda suke tsoro da inda suka yarda. Jarumtar da ke cikin wannan labari ba ta 'ya'yan Efua kaɗai ba ce. Akwai ta macen da ribarta ta yini ba ta taka kara ta karya ba, aka ce ta matsa da tirenta don 'ya'yan wasu su sami wurin zama, ta matsa. Kai da rumfarka ce a Kurmi ko Kantin Kwari, za ka matsa?

Ba na cewa an warware matsalar Nima. Kusurwar kasuwa ba za ta maye gurbin fili mai ciyawa da yaro zai yi gudu har ya faɗi ba. Fenti yana gogewa, katako yana lalacewa da damina, kuma kuɗin masu ba da tallafi yana da ranar ƙarewa. Wanda zai ci gaba da share wurin da hana a mayar da shi ma'ajiyar kaya, shi ne mutumin kasuwar da kansa. Ƙaramar ƙungiya iyakarta ta nuna cewa abu mai yiwuwa ne. Mai iko da filaye da haraji ita ce hukuma, kuma ita ce ke riƙe da eka kusan 15 ɗin nan na tsakiyar birni.

A 2024 aka yi bikin cika shekara ɗari da haihuwar Efua Sutherland. Aka yi jawabai, aka sake nuna wasanninta, maganar gyaran lambun da ke ɗauke da sunanta ta sake tasowa. Daga Nima zuwa ƙofarsa tafiyar 'yan mintoci ce a motar haya idan hanya ta yi kyau. Sau nawa aka yi wa wurin alkawari, mai karatu, kuma wa zai je ya tambayi inda aka kwana?