ƘARA WA MOTAR DAJI TSAWO A GIDA: ABIN DA YA KAMATA KOWANE MAI MOTA YA SANI

Gabatarwa

Tun lokacin da hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Ibadan ta ratsa Agege a 1901, ta kuma isa Kano a 1911, fatake Hausawa suka mai da wannan gari zango. Goro ne ya fara kawo su, daga baya shanu da hatsi da kayan gwari suka biyo baya. A yau yawancin wannan fatauci a mota ake yinsa. Mazaunin Agege, ko Idi-Araba, ko Mile 12, yana bukatar motar da za ta ratsa lungun da ruwan Yuni da Yuli ya cika, ta shiga ƙauyukan Jihar Ogun ɗaukar kaya, in salla ta zo kuma ta yi tafiyar kilomita wajen 1,000 zuwa Arewa, ta sauka daga kwalta ta hau burji har ƙofar gida.

Wannan ne ya sa mutane da yawa ke sayen jif ko a-kori-kura, irin su Land Cruiser da Pajero da Hilux. Wasu kuma ba su tsaya nan ba, sai su sayo kaya a kasuwar Ladipo ta Mushin ko ta Owode Onirin, su kira bakanike da mai walda, a ƙara wa motar tsawo a ƙofar gida. Nufin wannan 'yar takarda shi ne ta fahimtar da jama'a cewa duk tsawon da aka ƙara wa mota ana biyansa da wani abu, watau ƙarfin zamanta a ƙasa. Wanda ya san haka zai yi aikin daidai gwargwado, ya tsira da ransa da na iyalinsa.

Hanyoyi uku na ƙara tsawo

Ta farko ita ce ɗaga bodi. A motoci irin su Hilux da Land Cruiser, bodi yana zaune ne a kan shasi, an ɗaure su da kusoshi. Akan kwance kusoshin, a cusa ƙulli tsakanin bodi da shasi, a ɗaure da dogayen kusoshi. Bodi ne kaɗai ke tashi. Shasi da injin da gatari suna nan inda suke. Motocin da aka ƙera bodinsu da shasinsu a haɗe, kamar RAV4 da Highlander da CR-V, ba a yi musu wannan aiki sam.

Ta biyu ita ce ɗaga motar daga wajen sifirin, watau a sa sifirin da shokazoba masu tsawo, ko a ƙara falle guda a sifirin na baya. A nan shasi da injin da bodi duk suna tashi, amma gatarin, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyi biyu, bai motsa ba.

Ta uku ita ce sa manyan tayoyi. Wannan kaɗai ce ke ɗaga motar gaba ɗayanta daga ƙasa.

Ribar da ake samu

Idan mutum ya leƙa ƙarƙashin a-kori-kura daga baya, zai ga wani kumburi mai kama da tulu a tsakiyar gatari. Shi ne yawanci ya fi kowane sashe kusa da ƙasa, shi ke fara taɓa dutse ko tudun tsakiyar hanya. Ko an ɗaga bodi da kamu guda, wannan tulu bai tashi ko da faɗin yatsa ba. Taya ce kawai ke ɗaga shi, ita ma rabin abin da ta ƙara.

Ga misali. Tayar da aka rubuta wa 265/70 R16 tsayinta wajen santimita 78 ne. Wadda aka rubuta wa 285/75 R16 kuwa ta ɗan haura santimita 83. Bambancinsu bai kai santimita 6 ba, saboda haka tulun gatari ya tashi da ƙasa da santimita 3. Wannan ita ce ribar gaskiya.

Ga kuma abin da ke biyo bayanta. Babbar tayar ta fi ƙaramar cin ƙasa da kashi 7 cikin 100 a kowane juyi, amma malejin mota da lissafin tsohuwar taya yake aiki. In ya nuna kilomita 100, motar tana gudun 107 ne. Bugu da ƙari, babbar taya ta fi nauyi, tana ƙara shan mai, tana rage wa mota ƙarfin hawa tudu, tana kuma ƙara nisan da mota za ta yi kafin birki ya tsai da ita.

Cibiyar nauyi

Kowace mota tana da wani wuri a jikinta inda nauyinta ya taru, shi ake kira cibiyar nauyi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda tulu ke zaune daram a ƙasa, amma doguwar kwalba ƙaramin turi ke kayar da ita, ya riga ya gane wannan magana. Gwargwadon nisan cibiyar nauyi daga ƙasa, gwargwadon saurin kifewar mota a kwana.

Masana suna da lissafi mai sauƙi a kan haka, wanda hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta fara auna sababbin motoci da shi a 2001. Akan auna faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba shi da ninkin tsawon cibiyar nauyi. A ƙananan motocin shiga amsar takan kama daga 1.3 zuwa 1.5. A jif kuwa takan kama daga 1.0 zuwa 1.3. Watau tun daga masana'anta jif ta fi ƙaramar mota saurin kifewa.

A ɗauki motar da faɗin ƙafafunta santimita 150 ne, cibiyar nauyinta kuma tana santimita 70 daga ƙasa. Amsar lissafinta 1.07. In aka ɗaga ta, aka kuma labta buhuna da jarkoki a kan rufinta har cibiyar ta koma santimita 80, amsar ta sauko 0.94. A hanya miƙaƙƙiya direba ba zai ji wani bambanci ba. Sai ran da akuya ta gilma, ko rami ya bayyana kwatsam a hanyar Abekuta, ya murɗa sitiyari da sauri, sannan bambancin zai fito fili, a lokacin kuwa babu damar gyara.

Saboda haka masu sana'ar suka fi amincewa da ƙarin da bai wuce santimita 5 ba, watau inci 2. Abin da ya haura wannan yana bukatar a sake sassa da yawa, kuma ya fi ƙarfin aikin ƙofar gida.

Sassan da aikin ke taɓawa

Injiniyoyin da suka ƙera mota sun auna kowane sashe daidai da tsawonta na asali. In tsawon ya sake, wajibi ne a duba waɗannan:

1. Tiyon birki. An yanka shi daidai da nisan da taya ke sauka. In aka ɗaga mota aka bar tsohon tiyo, yana iya miƙewa ya tsage a lokacin da taya ta faɗa rami, man birki ya zube.

2. Na'urar raba ƙarfin birki. A-kori-kura da yawa suna da wani ɗan ƙarfe a baya mai auna nauyin kaya, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi ko ya rage. In aka ɗaga mota ba a sake saita shi ba, zai ɗauka kullum motar babu kaya, ya rage ƙarfin birkin baya.

3. Farfela da shaf ɗin tayoyin gaba. Ƙarin tsawo yana karkata su fiye da kima. Alamar haka ita ce karkarwa a lokacin gudu, da yagewar robar da ke rufe gaɓoɓinsu.

4. Sitiyari. Ɗaga bodi yana jan sandar sitiyari. Ɗaga sifirin kuwa yana ɓata saitin ƙafafun gaba, motar ta riƙa yawo a hanya, taya ta cinye ta gefe guda.

5. Fitilun gaba. In suka tashi, sai su riƙa dallare idon mai tahowa. Dole a sake saita su.

Ayyukan da ba a yi

Akwai dabarun rage kuɗi da suka zama ruwan dare, alhali kuwa araha ba ta ado. Kada a gasa sifirin da wutar walda don a ƙara masa lanƙwasa. Zafin yana kashe ƙarfin ƙarfen, ya karye ba tare da sanarwa ba. Kada a cusa katako, ko yankan tsohuwar taya, ko guntun bututu tsakanin bodi da shasi. Kada a yi ƙari da walda a sandar sitiyari. Kada a sa ƙulli tsakanin sifirin da gatarin gaba, kada kuma a ɗora ƙulli a kan ƙulli a baya. Lanƙwasassun kusoshin da ke riƙe sifirin a jikin gatari, in an kwance su, sababbi ake mayarwa, domin tsofaffin sun riga sun miƙe.

Game da taya, a duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefenta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin a daina amfani da tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa, ko da zanenta bai goge ba.

Tsarin aiki a gida

Wanda ya ƙudura yin aikin a gida, ya nemi ƙwararren bakanike ya tsaya a kai, ya kuma kiyaye waɗannan sharuɗɗa:

1. A yi aikin a wuri mai tauri wanda ya daidaita. Gefen lambatu da ƙasar da ta sha ruwa ba wurin ɗaga mota ba ne.

2. A ja birkin hannu, a sa waigi gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa.

3. Aikin jak ɗagawa ne kawai. Kafin kowa ya shiga ƙarƙashin mota, a tokare shasi da matokaran ƙarfe da aka ƙera don haka. Bulon siminti yakan farfashe farat ɗaya.

4. Naɗaɗɗen sifirin yana ɗauke da ƙarfin da zai iya karya hannu ko fasa kai. Ba a kwance shi sai da na'urar matse shi.

5. A kori yara daga wurin. A unguwannin da gidaje ke cunkushe, su ne na farkon taruwa.

6. Kusoshin da ke ratsa robobin ƙafafu, sai an sauke motar ta tsaya da nauyinta a yi musu ɗaurin ƙarshe.

7. Da an gama, a kai motar gareji a daidaita mata ƙafafu. A gwada birki a wurin da babu jama'a. Bayan 'yan kwanaki ana hawa, a sake bin kowane noti da sifana.

Mota da ambaliya

Yawancin masu ɗaga mota a Ikko ruwa suke gudu, musamman waɗanda suka ga irin ambaliyar 10 ga Yuli, 2011. Amma a sani cewa abin da ke kashe injin shi ne ruwan da ya shiga ta bakin shaƙar iska. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka in ya shiga cikin injin yakan lanƙwasa ƙarafansa nan take. Haka kuma gatari da giya suna da 'yan ƙofofin numfashi da ruwa kan bi ya gurɓata mansu. Ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 60 yana iya tafiya da jif kanta. Ƙarin santimita 5 ba ya mai da mota kwalekwale. Inda ba a ganin bakin lambatu ko kwalbati, a tsaya a jira. Bayan ratsa ruwa kuma, a riƙa taka birki a hankali har ya bushe.

Doka da inshora

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci na jihohi, suna da ikon tsai da motar da ke da haɗari ga jama'a. A Jihar Legas ana gwada birki da fitilu da ƙafafun mota da na'ura kafin a ba da takardar shaidar lafiyarta. Ya kamata mai mota ya kai ta wannan gwaji bayan aikin, ya kuma sanar da kamfanin inshorarsa sauyin da ya yi, domin ɓoye shi na iya jawo a ƙi biyansa ran da tsautsayi ya auku.

Iyakar gudun motocin gida ita ce kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Motar da aka ɗaga ya dace ta tsaya ƙasa da haka, ta shiga kwana a hankali, a kuma shimfiɗa kaya masu nauyi a ƙasan bodi maimakon rufi. Kowa da ke ciki ya ɗaura bel, domin in mota ta kife, wanda ta wurgo waje shi ya fi shiga haɗarin mutuwa.

Kammalawa

Kafin mai mota ya kira bakanike, ya fara tambayar kansa ko hanyar da yake bi tana bukatar wannan aiki. Sau da yawa sifirin da shokazoba ne suka gaji, motar ta zauna. Sabunta su kaɗai ya isa ya mayar mata da tsawonta na asali. In kuwa ƙarin ya zama dole, a tsaya a santimita 5, a yi da kayan da aka ƙera don irin wannan mota, a duba birki da sitiyari, a kuma rage gudu. Rigakafi ya fi magani. Idan haɗari ya auku a hanya, a kira lamba 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112 ta neman agajin gaggawa.

Wanda ya karanta wannan takarda, ya karanta wa maƙwabcinsa da direbansa.