Mangwaron Kudancin Kano: Cinikin da Ke Rataye a Wuyan Hunturu

Mai bin hanyar Jos a watan Afrilu, daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada har bakin dajin Falgore, zai ga mangwaro jere a kwanduna da robobi a gefen titi. Wannan yanki na kudancin jihar Kano, da ya haɗa Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, ga kuma madatsar Tiga da aka kammala a 1974, wadda ta raya lambuna da dama.

Sai dai ribar mangwaro tun cikin hunturu ake yanke ta. Bishiyar tana bukatar rani da sanyin dare kafin ta yi huda, galibi daga Disamba zuwa Fabrairu. Idan sanyin ya makara ko ya yi gajeren zango, sai ta fitar da sabon ganye, hudar ta zo tsilla-tsilla. 'Ya'yan da suka ɗaure kuwa, zafin bazara na jiran su. A Afrilun 2024, shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara ajiye lissafi, zafi a garin Kayes na Mali ya kai maki 48.5 a ma'aunin Celsius. Irin wannan zafi na kakkaɓe 'ya'ya tun suna kamar ƙwan zabuwa, guguwar farkon damina ta ƙarasa sauran.

Ga kuma ƙudan 'ya'yan itace ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Kenya a 2003 kafin ya mamaye Yammacin Afirka. Da danshi ya sauka yake yawaita. Za ka ga mangwaro fes a ido, ka yanka ka tarar da tsutsa.

Wanda ya fi jin jiki shi ne mai sayen bishiya tun tana huda, da niyyar kai kaya kasuwar 'Yan Lemo. A da, ido kawai ya ishe shi ƙiyasta kwanduna. Yanzu da ido ke yaudara, sai ya karya farashi, asarar ta koma kan mai lambu.

Akwai abin yi tun daga gona: ban ruwa bayan 'ya'ya sun ɗaure, lulluɓe gindi da ciyawa, binne waɗanda suka faɗi don karya zuriyar ƙuda, da aurar da iri masu nuna a lokuta daban-daban. Lambun da ba rana ɗaya yake nuna ba, da wuya guguwa ɗaya ta kwashe shi.