Yaron da ake cewa ba ya ji: barasa, ciki da taimakon da iyali ke bukata

A kowace unguwa akwai yaron da aka gaji da shi. An aike shi ya sayo gishiri da daddawa, ya biya wurin mai inji ya karɓo niƙa, ya dawo da gishiri kaɗai, canjin ma bai san inda ya yar ba. Jiya aka zane shi a kan ɗaukar wayar baƙo, yau ya sake. Ya haddace darasi ranar Talata, ranar Laraba kamar bai taɓa ganin allon ba. Daga nan sai a yanke masa hukunci: kunnen ƙashi gare shi, ko gadon rashin ji ne, ko mutanen ɓoye ne suka shafe shi.

Abubuwan da ke mai da yaro haka suna da yawa. Akwai wahalar haihuwa, akwai shawarar jarirai da ba a kula da ita ba, akwai zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, akwai tamowa. Kada wani ya karanta wannan ya koma yana kallon maƙwabciyarsa da ido guda. Amma cikin dalilan akwai ɗaya da ba a cika faɗarsa da Hausa ba, wato lahanin da barasa ke yi wa ɗan tayi, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da FASD.

Idan mai juna biyu ta sha barasa, tana ratsa mabiyiya ta isa jinin ɗan da ke ciki. Hantarsa ba ta ƙosa ba, ba ta iya sarrafa ta yadda ta babba ke yi, ga shi ƙwaƙwalwarsa tana ginuwa ne tun daga makonnin farko har ranar haihuwa. Abin da ya lalace a lokacin ba ya komawa daidai. Har yau likitoci ba su gano wani gwargwado da za a ce mai ciki ta sha lafiya lau ba, ko wani wata da babu haɗari a cikinsa. Kuma sau da yawa ɓarnar farko tana faruwa ne kafin mace ta san ta yi ɓatan wata.

Wani likitan yara a birnin Nantes na Faransa, Paul Lemoine, shi ya bayyana kamannin yara 127 da iyayensu mata ke shaye-shaye, a 1968. Ba a kula da shi sosai ba. Sai a 1973 Kenneth Jones da David Smith na Jami'ar Washington da ke Seattle a Amurka suka raɗa wa abin suna, duniya ta fara saurare. Likitoci suna duba alamu uku a fuska: ƙananan idanu, siririn leɓen sama, da shafewar ɗan kwarin nan da ke tsakanin hanci da leɓe. Sai dai a nan tarkon yake. Mafi yawan masu wannan lalura ba su da waɗannan alamu ko kaɗan. Yaro ne kyakkyawa, mai surutu, mai shiga rai, wanda idan ka ji yana magana sai ka ɗauka ya fahimci komai. Shi ya sa ake dukansa, domin kowa ya tabbata da gangan yake yi.

Wani babban nazari da aka fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa a duniya yara kusan 8 cikin kowace 1,000 suna da wannan lalura, Afirka ta Kudu ce kan gaba da kimanin 111 cikin 1,000. Wannan adadi yana da tarihi. A gonakin inabi na yankin Kef, Turawa masu gona sun daɗe suna biyan leburori wani ɓangare na ladarsu da giya. Doka ta hana, amma al'adar ta ci gaba a wasu gonaki har shekarun 1990, ta bar garuruwan da shan giya ya zama gado. A Amurka kuwa, binciken da aka yi kan 'yan aji ɗaya na firamare a yankuna huɗu, aka wallafa a 2018, ya sami tsakanin ɗaya zuwa biyar cikin ɗari.

Na san abin da mai karatu zai ce: ina ruwanmu, mu da addini ya haramta mana giya? Gaskiya ne yawancin matanmu ba su taɓa kai ta baki ba. Amma Hausa ba ta Musulmi kaɗai ba ce, da ita ake ciniki a inda ake dafa burkutu da fito daga Filato zuwa arewacin Gana. Ga kuma ƙananan ledoji da kwalabe masu araha, waɗanda hukumar NAFDAC ta sanar da hana su a farkon 2024, da jiƙe-jiƙen saiwoyi da ake sayarwa a tasha da sunan maganin basir ko sanyi, waɗanda sau da yawa a cikin barasa aka jiƙa su. Mace na iya sha da niyyar magani ba ta san me ta sha ba. Sannan inda haramci ya fi ƙarfi nan ɓoyo ya fi tsanani: wadda ta faɗa shaye-shaye a cikinmu ba za ta faɗa wa ma'aikaciyar awo ba, ba za ta faɗa wa uwarta ba. Akwai kuma riƙo. Mutum ya ɗauki maraya don Allah, bai san komai game da cikin da aka yi renonsa ba, bayan shekara bakwai ya rasa gane kan yaron.

To me ake yi wa irin wannan yaro da iyalinsa a inda aka daɗe ana fama da abin? Matakin farko shi ne a gane. A Kanada da Ostireliya da wasu sassan Amurka ba likita ɗaya ke yanke magana ba. Tawaga ce: likitan yara, masanin halayya, mai duba magana da harshe, da mai koyar da ayyukan yau da kullum. Suna auna girma da fuska, suna gwada tunawa, lissafi, natsuwa, da yadda yaro ke tsara aiki daga farko zuwa ƙarshe, sannan su nemi tabbacin an sha barasa lokacin cikin. Babu gwajin jini da ke nuna lalurar. Ingila ma sai a 2022 hukumarta mai tsara ƙa'idojin jinya, NICE, ta fitar da mizani na musamman a kan lalurar.

Wani zai ce mene ne amfanin sanin sunan cutar da ba ta da magani? Amsar tana cikin aikin Ann Streissguth, wata masaniya a Seattle, wadda ta bi rayuwar mutum 415 masu wannan lalura. Cikin waɗanda suka kai samartaka da manyanta, kashi 61 cikin ɗari karatunsu ya katse ta hanyar kora ko dakatarwa ko guduwa, kashi 60 sun yi karo da hukuma, rabi an taɓa tsare su a gidan yari ko asibiti. Kashi 80 ba iyaye matan da suka haife su suka rene su ba. Sai dai ta gano cewa waɗanda aka san lalurarsu tun suna ƙanana, suka kuma tashi a gida ɗaya mai kwanciyar hankali, sun fi sauran tsira daga waɗannan masifu ninki biyu zuwa huɗu. Ƙwaƙwalwar tana nan yadda take. Abin da ya bambanta shi ne yadda manya suka ɗauki yaron.

A nan ne ainihin aikin yake, kuma a ganina nan ne ya fi dacewa da gidajenmu, domin yawancinsa ba ya cin ko sisi. Abin da cibiyoyin can ke koya wa iyaye da masu riƙo shi ne su daina tambayar me ya sa ba ya ji, su fara tambayar ko zai iya. Yaro mai shekara goma sha huɗu na iya magana kamar sa'anninsa, amma wajen hangen abin da zai biyo baya yana kamar ɗan shekara bakwai. Ba a ba ɗan shekara bakwai kuɗin cefanen mako, ba a barinsa ya tafi kasuwar Kurmi shi kaɗai. Aike ɗaya a lokaci ɗaya: «Je ka kawo gishiri.» Idan ya dawo sai a ba shi na biyu. Magana a fili, ba habaici, ba karin magana, domin idan aka ce masa «ka shiga taitayinka» bai san me ake so ya yi ba; a ce masa «zauna a kan tabarmar nan». Lokacin tashi, wanka, abinci da barci su zama ɗaya kullum. A maimaita yau, a maimaita gobe, ba tare da gori ba. Hayaniyar biki ko cunkoson aji na iya birkita shi, sai a tanadar masa wani lungu mai shiru da zai koma kafin ya fashe.

Bulala ba ta aiki a kansa. Ba maganar tausayi kaɗai nake yi ba: ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke haɗa laifin jiya da zafin dukan jiya shi ne ya samu rauni. Yaron zai ji zafi, zai yi kuka, zai rantse ba zai ƙara ba, kuma da gaske yake, gobe ya manta. Abin da duka ke bari shi ne tsoro da ƙiyayya. Gidan mari kuwa, inda ake kai waɗanda aka gaji da su a ɗaure da sarƙa, ya fi ko'ina muni ga irin wannan yaro.

Masu aiki a kan lalurar a ƙasashen waje suna da wata magana, cewa mai wannan lalura yana bukatar ƙwaƙwalwa ta waje, wato wani amintacce da zai riƙa tuna masa, ya riƙe masa kuɗi, ya raka shi asibiti, ya lura da abokan da yake bi. Bukatar ba ta ƙarewa da balaga. Saurayi mai wannan lalura yana da saurin yarda, shi ake ba ajiyar kayan sata, shi ake turawa gaba, kuma idan ɗan sanda ya matsa masa zai amsa laifin da bai yi ba don a ƙyale shi ya koma gida. A gidan tsare yara na Banksia Hill da ke yammacin Ostireliya, binciken da aka fitar a 2018 ya sami kashi 36 cikin ɗari na yaran da aka duba suna da lalurar, kusan dukansu ba a taɓa ganewa ba. A birnin Winnipeg na Kanada an buɗe zaman kotu na musamman domin su a 2019, inda alƙali ke magana a hankali, ya gindaya sharuɗɗan da mutum zai iya tunawa. A lardin Alberta akwai cibiyoyin haɗin gwiwa goma sha biyu masu kula da bincike, rigakafi da tallafi har tsufa, ciki har da samar wa masu riƙo wanda zai karɓe su na ɗan lokaci su huta. Wanda ya taɓa rainon irin wannan yaro ya san hutun nan ba gata ba ne.

Sai uwa. Ita ce aka fi saurin jifa, kuma jifan ne ke haifar da yaro na biyu mai irin lalurar, domin macen da aka kunyata ba ta komawa awo. A Seattle tun 1991 akwai shirin PCAP, inda ake haɗa macen da ke fama da shaye-shaye da wata ma'aikaciya guda har shekara uku. Tana zuwa gidanta, ta raka ta wurin magani, ta taimaka mata da matsuguni da tazarar haihuwa, kuma idan ta koma sha ba a korarta daga shirin. A Afirka ta Kudu gidauniyar FARR, wadda Farfesa Denis Viljoen ya kafa a 1997, tana irin wannan aiki da masu ciki a garuruwa kamar De Aar. Wanda ya fi burge ni shi ne na matan ƙabilun asali a kwarin Fitzroy na Ostireliya. A 2007, ƙarƙashin jagorancin June Oscar da Emily Carter, suka tsaya kai da fata har aka taƙaita sayar da giya mai ƙarfi a garinsu, duk da zagin da suka sha. Bayan haka su da kansu suka gayyato likitoci a duba 'ya'yansu, aka sami kusan ɗaya cikin biyar da lalurar. Ba su jira wani ya zo ya tona musu asiri ba.

Mai yaro a hannu a Kano ko Jos ko Maraɗi ba zai jira irin waɗancan cibiyoyi ba. A fara da sashen yara na babban asibiti ko asibitin koyarwa, a nemi a duba ji da gani da zuciya da girma, domin barasa na taɓa su duka, kuma yaron da ba ya ji da kunne ma «ba ya ji» ake ce masa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, suna ganin masu matsalar ɗabi'a da masu son barin shaye-shaye. Akwai magungunan da ke rage rashin natsuwa ko rashin barci, likita ne kaɗai ke ba da su, ba mai kemis ba. A je makaranta a zauna da malamin aji da na Islamiyya, a roƙi a zaunar da shi a gaba, a rage masa yawan aiki, a ajiye masa bulala. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da aka sanya wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta ba iyaye abin kafa hujja idan aka nemi korarsa.

Wadda take da ciki yanzu kuma ta sha, da sani ko ba da sani ba, ta daina yau; ƙwaƙwalwar ɗanta tana kan ginuwa, duk ranar da aka tsirar riba ce. Idan ta saba sha da yawa kullum, kada ta yanke farat ɗaya ita kaɗai a ɗaki, domin hakan na iya jawo jijjiga. Ta je asibiti a taimaka mata. Idan ta shiga wurin likita ta faɗi abin da ta sha, da yawansa, da watan da ta sha. Idan jiƙo ne daga tasha, ta tafi da kwalbar.