Ɗan Wasan Da Ba A Yi Wa Tafi

A wasan ƙwallon kwando mutum biyar ne ke shiga fili daga kowane ɓangare, amma ƙwallon guda ɗaya ce tak. Saboda haka ba shi yiwuwa kowa ya zama mai jefawa. Tilas a sami mai tare abokin karawa, da mai cafke ƙwallo in ta bugi bakin kwando ta dawo, da mai miƙa ta ga wanda ya fi shi samun sarari. Ba a cika yi wa waɗannan tafi ba, amma in babu su gwani ba zai sami ƙwallon ba, balle ya jefa.

Ga misali daga Amurka. A 1994 da 1995 ƙungiyar Houston Rockets ta ci kofin NBA. Tauraronta shi ne Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. A gefensa akwai Robert Horry, wanda in an raba makinsa na duk shekarunsa, 7 ne kawai a kowane wasa. Amma ya ɗauki kofin nan sau 7 da ƙungiyoyi 3, alhali Michael Jordan sau 6 ya ɗauka. Masu horarwa sun so shi don yana tsaro, ba ya rowar ƙwallo, kuma ba ya rikicewa in lokaci ya ƙure.

To, 'yan'uwa ɗalibai, in malamin wasanni ya ce ka yi tsaro, kada ka ga an raina ka. Iyaye kuma, kada tambayarku ta tsaya ga maki nawa yaro ya ci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.